Jingar Tungar Maiturare da Girafik ɗin da Aka Kashe

Ƙarfe shida da rabi na safe rediyo ya sanar cewa dam ɗin Goronyo ya cika, an buɗe ƙofofi tun asuba, duk wanda ke bakin gulbin Rima ya yi shiri. Mu a Tungar Maiturare mun san lissafin. Ruwan da aka saki da asuba yakan iso mana tsakanin la'asar da magariba.

Abin da ke tsakaninmu da gulbin jinga ce ta ƙasa mai tsawon kilomita biyar, wadda aka sake tayarwa bayan babbar ambaliyar da ta karya ta, ta cinye rabin garin ina yaro. Bayan jingar gonakin shinkafa ne, bayan gonakin kuma gidajenmu. Buhunan yashi ɗari shida ƙungiyar manoma ta tanada, kuma ɗari shida ba za su ɗaga fiye da taki sittin na jingar ba. Idan aka jibge su inda ta fi ƙasa, gari ya tsira. Idan aka jibge su wani wuri, ruwa zai kwana a ɗakunanmu.

Ido ba ya gane inda ta fi ƙasa. Ciyawar damina ta kai ƙugu, ta rufe komai. Dalilin lotsawar kuwa kowa ya san shi. Da rani, mai albasa yakan fasa jingar ya ratsa tiyon injinsa zuwa gulbi, in ya gama ya tura ƙasa sama-sama ya rufe. Ƙungiya ta hana, don haka ba wanda zai tashi a gaban jama'a ya ce ga inda ya fasa. Sau uku na tambaya a ƙofar masallaci, sau uku aka sunkuyar da kai ana jan carbi. Mutanen da za su gwammace su nutse da a ji kunyarsu, su ne mutanena.

Shi ya sa tun jiya da yamma, da na ji raɗe-raɗin za a saki ruwa, na tayar da duron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wanda na aro wurin wani abokin karatuna a Sakkwato. Na bi jingar daga farko har ƙarshe, na ɗauki hoto ɗari tara da arba'in. Safiyo na karanta, wato awon ƙasa, aikina ke nan. Kwamfuta za ta ɗinke hotunan su zama taswira mai nuna tudu da kwari, inda ya lotsa ya fito da ja.

Laftof ɗin ƙungiya ni na zaɓe ta da kaina shekara biyu da suka wuce, lokacin da wani shirin tallafa wa noman rani ya tambayi abin da muke bukata. Na kafe sai mai girafik biyu. Girafik shi ne sashen da ke sarrafa hoto. Na farko a haɗe yake cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba shi da ma'ajiyar kansa, aro yake yi. Ba ya shan batir, ba ya zafi, ya isa rubutu da kallon bidiyo. Na biyu a ware yake, da ma'ajiyarsa da fankarsa. Yana shan wuta, yana zafi, amma aikin da na haɗen zai wuni ya kwana a kai, shi cikin awa biyu ya gama. Kamar ƙaramin injin ban ruwa ne da babba. Ƙaramin ya ishi fangali goma na albasa, amma ba da shi ake kwashe tafki ba.

Kwamfutar tana ajiye wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Tambari, yayan mahaifina. Wata huɗu ban taɓa ta ba, ina Sakkwato. Da safen nan na karɓe ta a zaurensa, aka tayar da janareto, na zuba hotunan, na danna.

Ta rubuta cewa saura awa ashirin da ɗaya.

Na ɗauka idona ne. Na tsayar, na sake dannawa. Awa ashirin da ɗaya da minti goma. Fankar ma ko motsi ba ta yi ba. Na shiga inda ake ganin kayan cikinta, sai na ga girafik ɗaya kawai, na haɗen. Ɗayan babu shi, kamar ba a taɓa ƙera ta da shi ba.

"Baffa, wa ya taɓa kwamfutar ga?"

"Taɓawa?" Ya ajiye kofin kununsa. "Gyara ta anka yi. Da bazara sakatare na rubuta sunayen masu taki, ta ɗauki zahi awa kasko, fanka na kuka awa za ta tashi sama. Amana ce hannuna, Junaidu. In ta ƙone mi za ni ce ma mutane? Na kai ta Wurno wurin Yari mai gyara. Tun sannan lahiya lau, batir nata na wuni."

"Baffa, abin da munka saye ta dominai shi anka kashe."

"To ba ga ta nan tana aiki ba?"

"Sai gobe war haka za ta ba mu amsa!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, inda maza suka fara taruwa da amalanke da shebur.

"Mu dai Bakin Tsamiya za mu," ya ce. "Nan ta ɓalle wancan karo."

Bakin Tsamiya! Shekara goma sha biyu, duk damina can ake kai ƙasa, can ake kai buhu, saboda can ta taɓa karyewa. Na tabbata ta fi ko'ina tsayi yanzu, amma tabbacin baki ne, ba ni da abin nunawa. Na durƙusa gabansa.

"Baffa, don Allah a riƙe buhunan nan har azahar. Za ni Wurno in dawo."

Ya ɗauki kofin kununsa. "Azahar. In an yi kiran salla ba ka kira ni ba, ba ni iya tsai da kowa."

Na ɗaure kwamfutar a bayana da rawani, na saka babbar cajarta a jaka, na hau babur. Mahaifiyata, Inna Fatsuma, tana tsaye ƙofar gida da ƙunshin kaya a ka, ta fara kwashe tukwane zuwa makarantar firamare da ke kan tudu. Ta ɗaga mini hannu. Ban tsaya ba.

Hanyar Wurno da damina laka ce da ramuka. Minti arba'in na yi, kuma duk inda hanya ta matso kusa da gulbi sai na leƙa. Bai tashi ba tukuna. Yana kwance kamar kullum, mata na wanki a gefensa, kuma wannan kwanciyar ta fi tsorata ni.

Shagon Yari ɗaki ɗaya ne kusa da tasha, cike da gawarwakin wayoyi da kwamfutoci. Shi kansa siriri ne mai gilashi, yana karin kumallo da ƙosai. Ko sallama ban gama ba na ajiye masa ita a teburi.

"Mi kay yi ma wannan?"

Ya juya ta, ya ga alamar ƙungiya. "A'a, ta Alhaji Tambari. Mai dediketed, mai girafik biyu. Na cire mata wutar girafik ɗin nan na ware, ta koma kan na haɗe. Ta ba da matsala?"

"Wa ya ce ka cire?"

"Kowa haka shi ka so, malam. Garin da babu wuta? Wanga abu batir shi ka sha, zahi shi ka yi, kuma shi ka fara mutuwa da bazara ya ja kwamfuta duka. Sati ba ya wucewa ban kashe guda ba. Malaman makaranta har godiya su kai min."

"Ka tambayi aikin da anka saye ta dominai?"

"Alhaji ya ce rubuta sunaye." Ya lashe yatsa, ya dube ni ta saman gilashi. "Kuma bari in tambaye ka. Wane gwani ne ya saita ta kan babban girafik dare da rana, ko wasiƙa za a rubuta? Haka na iske ta. Shi ya sa take tafasa."

Ni ne. Na saita ta haka lokacin wani aikin awo, na manta ban mayar ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Na bar wa tsoho na'urar da ban yi masa bayaninta ba, na tafi birni ina zagin jahilci. Na haɗiye wannan, don babu lokacin taunawa. Na gaya masa maganar jinga da buhuna da azahar. Ya daina taunar ƙosan.

"Ƙanwata na aure can garinku," ya ce. Ya ture takardar ƙosan gefe, ya jawo sukundireba.

Ba girafik ɗin ya cire ba, wani ɗan ƙarfe ne mai kai masa wuta, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce yakan jefa irinsu cikin gwangwanin madara. Gwangwani uku ne. Muka zazzage su a kan tire, ɗaruruwan ƙananan abubuwa masu kama da juna, yana tonawa da hantsaki yana duba lambar kowanne. Ina kallon agogon bango. Goma saura kwata. Goma da minti ashirin.

"Ga irinai," ya ce a ƙarshe. "Ko nata ne ko na wata, lamba ɗaya ce."

Ya liƙa shi da dalma. Kafin ya kunna ya tsaya.

"In hwaɗa maka gaskiya. Wata huɗu bai ga wuta ba, kuma ya sha zahi kahin nan. Yana iya tashi, yana iya ƙonewa ya tahi da allon cikinta duka. In ya tahi, ko awa ashirin ɗin ba ka da ita."

"Kunna."

Ta tashi. Ya ɗora mata manhajar girafik ɗin daga filashinsa, ta mutu ta sake tashi, sai ga suna biyu a jere inda ɗazu ɗaya ne. Ya tayar da janaretonsa, na jona babbar caja, domin a kan batir kaɗai babban girafik ba ya sakin ƙarfinsa. Sha ɗaya da rabi na danna.

Awa biyu da minti goma sha biyar. Fankar ta ɗauki kuka.

Azahar ƙarfe biyu saura ake kira a garinmu. Na lissafa, na ga da ƙyar za mu haɗu. Ina shirin kiran Baffa in roƙi ƙarin rabin awa, wayata ta yi ƙara. Inna ce.

"Junaidu, kana ina? Gulbi ya sake launi. Ya yi ja, yana tahe da kumfa da karare. Maza sun kwashi buhuna sun yi Bakin Tsamiya."

"Baffa ya ce sai azahar!"

"Baffanka na gaba, shi ka nuna musu inda za su aje."

Na kira shi sau huɗu kafin ya ɗauka. Bayansa hayaniya ce da kukan jakai.

"Baffa, kun yi min alkawari."

"Na yi. Amma kai kana ɗaki kana kallon gilashi, ni ina kallon ruwa. Mutum ɗari na tsaye bisa kaina, kowa da ɗiya cikin gida. In ce musu mi? Su zauna, ɗan ƙanena na jiran na'ura?"

"Ko rabi a rage, Baffa. Ko ɗari uku."

"Kira ni in ka samu abin hwaɗi." Ya kashe.

Daga nan ba abin da ya rage mini sai kallon lamba. Kashi ashirin da biyu cikin ɗari. Na san yadda ake aikin: amalanke ɗaya buhu goma, sawu ɗaya minti ashirin, amalanke shida. Kowane kashi ɗaya da kwamfutar ta ƙara, buhu huɗu ko biyar sun tafi inda ba a bukatarsu.

A kashi hamsin da ɗaya ta fara ja da baya. Lokacin da ya rage, maimakon ya ragu, sai ya ƙaru. Yari ya taɓa gefenta ya janye hannu.

"Zahinta ya kai digiri casa'in da biyar. Tana rage gudu don kar ta ƙone."

Ya cire murfin ƙasanta gaba ɗaya, ya ɗora ta kan bulo biyu yadda iska za ta ratsa, ya jawo fankar tsaye ya kafa mata. Ya kashe fitilar shagon da cajar wayoyin mutane don janareton ya ji da ita kaɗai. Muka zauna cikin zufa. A kashi saba'in da takwas gilashin ya yi baƙi, wasu layuka kore suka ratsa shi. Na ga ɗakin Inna, na ga alamar ruwan wancan karo da har yau take jikin bangon masallaci, sama da kaina. Yari yana ta salati a hankali. Daƙiƙa biyar, ko shida, sai hoton ya dawo. Saba'in da tara.

An kira azahar a Wurno muna kashi casa'in. Muka yi salla ɗaya bayan ɗaya a ƙofar shagon don kada a bar ta ita kaɗai. Ƙarfe biyu da minti biyar ta gama.

Jingar ta fito a gilashi kamar doguwar igiya. Bakin Tsamiya kore shar, ta fi ko'ina tsayi da kusan kamu guda. Ja wuri biyu ne. Na farko, mafi zurfi, taki talatin ne, kuma daga shi kwari ne miƙe har cikin gari. Na ƙara girman hoton, na ga bukkar kara da mangwaro biyu da na sani tun ina yaro. Gonar albasar Baffa Tambari ce. Na biyu yana can ƙasa da gari, bai kai na farko zurfi ba. Ruwan da ya shiga ta nan ba zai taɓa gida ba, fadamar gabas zai cika. A fadamar gabas shinkafar Inna take, wadda ta shuka da hannunta, saura sati uku a yanke.

Na kira shi.

"Baffa, buhu nawa sunka rage?"

"Ɗari biyu da 'yan kai."

"Bakin Tsamiya ba ta bukatar ko ɗaya. Wurin da ya lotsa bayan mangwaron nan biyu ne." Ban ce gonar wa ba ce. Ba sai na faɗa ba.



"Na cike wurin da kaina," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na sa an daddage."

"Ya zauna, Baffa. Ya yi ƙasa da kamu ɗaya da rabi."

"Sai ina kuma?"

Na gaya masa na biyun. Ya san gonakin da ke can kamar yadda na sani.

"Ɗari biyu ba su yin wuri biyu," ya ce. "Kai ka ga hoto. Ina za a kai?"

Da a ce an jira ni, da ɗari shida sun rufe duka biyun har da saura. Na so in faɗa masa haka, na so in yi ihu har tashar Wurno ta ji. Abin da na ce kawai shi ne, "Mangwaro."

Na ji ya juya yana kiran mutane da muryar da ban san yana da ita ba.

Na bar kwamfutar wurin Yari a buɗe kan bulo, na hau babur. Wannan karon gulbin ya hau. Inda mata ke wanki da safe babu shi, ruwa ja ne mai gudu, ɗauke da itatuwa da wata matacciyar tunkiya tana juyawa. Wuri biyu na sauka na tura babur cikin ruwa har gwiwa.

Bayan la'asar na iso mangwaron. An sare ciyawar, kuma da aka sare ta kowa ya ga abin da idonsa: jingar ta lanƙwasa kamar bayan tsohon jaki. Ba wanda ya dubi Baffa, shi ma bai dubi kowa ba. Ya tuɓe babbar riga, yana ɗaukar buhu tare da samari, mutum mai shekara saba'in. An tura amalanke su kwaso na Bakin Tsamiya, amma kilomita uku ne cikin laka, kuma buhunan sun jiƙe sun yi nauyi. Sittin kawai suka iso.

Muka jera layi uku. Ruwan yana hawa muna gani, ya ci layin farko, ya ci na biyu. Na kafa kara a gefe ina sa masa alama da farce. Ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafafunmu, ruwa na tsatsowa tsakanin buhuna, muna cusa laka da hannu. Wani ya fara kuka, wani ya daka masa tsawa. Rana na gab da faɗuwa alamar ta daina motsi. Yatsa huɗu ya rage tsakanin ruwan da saman buhunan.

Sai muka ji wata ƙara daga gabas, mai nauyi, kamar katanga ta faɗi. Kowa ya juya. Daga inda muke tsaye ana hango fadamar, koriya har iyakar gani, da wani jan harshe na ruwa yana shiga cikinta yana faɗaɗa. Ruwan da ke gabanmu ya sauka da yatsa ɗaya, sannan biyu.

Na sami Inna a makarantar firamare, zaune kan ƙunshin kayanta, ana kiran magariba. Daga tudun ta ga komai. Na durƙusa gabanta da laka har wuya, na gaya mata cewa wuri biyu ne, kuma ni na zaɓa.

Ta daɗe tana kallon inda gonarta take.

"Gida fa?" ta ce.

"Ruwa bai shiga ba."

"To ɗauki tukwanen nan. Ba ni kwana makaranta."